Hannun Yaya Balaraba da Macijiyar Bayan Tanki

Tun da aka sallamo yayata Balaraba daga asibiti nake amsa tambaya iri ɗaya a gidan biki da gidan gaisuwa. Kowa kuma da nasa labarin yake zuwa a shirye, ni dai so yake in gyaɗa masa kai. A Abakpa Nike, unguwata a Enugu, an ce mesa ce ta nannaɗe ta. A Borokiri ta Fatakwal an ce kyanwarta ce ta rikiɗe. Wata baiwar Allah ma ta riƙe hannuna ta yi min ta'aziyya, alhali marigayiyar tana zaune a gefena tana ɓare gyaɗa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta, don duk wanda yake zaune a nan kudu, yana da ɗan lambu a bayan ɗaki da dabbar da yake ƙauna, ya ji yadda abin ya same mu, ya kiyaye.

Mu haifaffun Onitsha ne. Kakanmu ne ya zo da albasa daga arewa, ya ga ciniki, ya manta hanyar komawa. Yaya Balaraba ce babbarmu. Tun rasuwar mijinta take toya masa a bakin Kasuwar Ose Okwodu, kuma da wannan hannun nata na dama, da tanda da ɗan tsinken juyi, ta riƙe gida, ta riƙe karatuna har na zama malamar makaranta a Enugu. Ni ce Ladi, auta. Kyanwarta kuwa Lami, don ran Alhamis ta shigo gidan. Mu a danginmu ba ma wahalar da kowa wajen neman suna.

Yaya tana haya a wajen Nkpor, ɗaki biyu a bayan gidan wata dattijuwar Ibo da ake kira Mama Obi. Bayan ɗakunan akwai ɗan fili da ta mayar lambu, ta shuka yakuwa da lalo da zogale. A ƙarshen lambun akwai tankin ruwa a kan bulo, a jikinsa kuma tarin tsofaffin buhunan albasa na maƙwabcinta Malam Audu, wanda kullum gobe zai kwashe su. Ɓeraye sun tare a ciki. Mu kuma a lokacin muna zaton kyanwa ce kaɗai take bin ɓera.

A nan dole in tsaya in yi wa 'yan uwa na arewa bayani. A wannan yankin akwai wata ƙaramar mesa da masu gari suke kira eke. Ba a kashe ta. In ta shigo ɗaki, da sanda ake ɗaga ta a hankali a fitar da ita, ana yi mata magana kamar baƙuwa. Wanda ya kashe ta, an ce sai ya yi mata jana'iza irin ta mutum, ban da ɓacin zama da unguwa. Ba addininmu ba ne, amma tun muna yara iyayenmu suka ja mana kunne: in kun ga maciji mai kauri mai zane-zane, ku janye hannunku, na masu gari ne, kuma ba ya cutar mutum. Ranar da Yaya ta kama hayar, kafin a zo maganar wuta da ruwa, sharaɗin da Mama Obi ta fara gindaya mata ke nan. Mun riƙe darasin da kyau. Abin da ba a koya mana ba shi ne kamannin eke ɗin. Mun san sunanta, mun san dokarta, amma ba mu taɓa tsayawa mun kalli fuskarta ba.

Cikin damina Lami ta haihu a ƙarƙashin tankin, 'ya'ya huɗu. Ko ido ba su buɗe ba Yaya ta je cire yakuwa da hantsi, sai ta ga macijiya kwance a jikin buhunan, gajeriya, mai kauri kamar damtsen mutum, da zane a baya. Ba ta gudu ba, ba ta ko motsa ba. Yaya ta ce a ranta lalle eke ce, ga ta da natsuwa irin ta wadda ta san ba a taɓa ta. Mama Obi ta tafi ƙauyensu jana'iza, babu mai ɗauke baƙuwar yadda al'ada ta tanada. Sai Yaya ta ɗauki hotonta a waya don ta nuna wa mai gidan in ta dawo, ta ce wa macijiyar sannu da hutawa, ta koma ɗaki.

Washegari ta tarar da ita ta matso kusa da tankin. Lami tana tsaye a tsakani, gashin bayanta a miƙe, tana wani irin gurnani. Yaya ta yi tunani irin na uwa: eke ba ta cutar mutum, amma jaririn kyanwa loma ɗaya ne a wurinta. Macijiyar ba a taɓa ta, to bari a ɗauke yaran. Ta ɗauko kwali, ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin tankin, ta fito da uku. Ta ce ta ji wani huci kamar ana sace iskar taya, har ta ce wa macijiyar ta yi haƙuri, saura ɗaya. A na huɗun aka sare ta, a bayan hannu, daidai gindin yatsan nuni. Duk da haka sai da ta fito da shi ta sa a kwalin.

Ta wanke wurin da sabulu, ta hau keke zuwa wani kemis a bakin titi. Mai kemis ya tambaye ta wane irin maciji ne, ta ce eke. Ya yi dariya, ya ce eke ba ta da dafi, ya yi mata allurar tsatsa, ya ba ta maganin zogi. Ba na ganin laifinsa duka, amsar da aka ba shi ya yi wa magani. Sai dai da ya dubi ramukan nan biyu masu zurfi, da ya sake tambaya.

Kafin azahar hannun ya zama kamar an hura safar roba, zobenta ya nutse a cikin nama. Malam Audu ya ji nishinta ya shigo. Mutumin kirki ne, kuma duk abin da ya yi don Allah ya yi. Ya yanko robar taya ya ɗaure damtsen tamau, ya tsattsaga bakin saran da reza, ya manna wani baƙin dutse da ya ce ya gada. A nan ne Yaya ta kira ni. Na bar aji a hannun wata abokiyar aikina, na hau mota. Da na isa da la'asar na same ta jingine da bango, gumi yana zuba, hannun ya yi baƙi daga robar zuwa yatsu. Maganar da ta fara yi min ita ce, "Ladi, kin ga Lami a hanya? Tun ɗazu ban ji ta ba."

Asibitin farko suka ce ba su da allurar dafin maciji. Na biyu suka ce sai mun yanki kati. Na tsaya a layi a bayan masu mura da masu awon ciki, ina ta bayani da Turancin da nake taƙama da shi a aji, mai yankan katin tana dubana kamar ina karanta mata labaran yamma. Wata nas ce ta hango hannun daga nesa ta saki abin da take yi ta ja mu ciki. Allah ya saka mata da alheri, ban ko san sunanta ba.

Likitar da ta karɓe mu ba ta yi sallama da kowa ba. Robar ta fara nunawa.

"Who tie this hand?"

Malam Audu, da ya rako mu, ya ɗaga kai ya shiga nazarin fankar silin. Likita ba ta kwance robar farat ɗaya ba, sai da aka sa ƙarin ruwa, sannan ta riƙa sassauta ta kaɗan-kaɗan. Ta tambayi Yaya wane maciji ne.

"Eke," in ji Yaya.

Likita ta dubi hannun, ta dubi Yaya. "Madam, eke no dey do person like this."

Sai a lokacin Yaya ta tuna da hoton. Likita ta buɗa shi da yatsu biyu, ta kira wani abokin aikinta, suka faɗi sunan macijiyar da Turanci, fuskokinsu suka canja. Ta rubuta min sunan allura a takarda ta ce in nemo ko ina take a garin. Na hau okada, wato acaɓa, daga wannan kantin magani zuwa wancan, kowa ya karanta takardar sai ya girgiza kai ya nuna min gaba. Da na same ta kuwa, ba zan faɗi kuɗinta ba, don akwai masu hawan jini a cikin masu karatu. 'Yan albasa da 'yan tattasai na Ose, waɗanda suka shekara suna karya kumallo da masar Yaya, su suka yi karo-karo kafin in gama rarraba ido. Wani ma ko sunansa bai bari an faɗa min ba.

Makon farko duk na kallon kumburi ne. Likita takan zo da biro ta ja layi a fatar Yaya daidai inda kumburin ya tsaya, in ta dawo ta duba ko ya tsallake. Ya tsallake na wuyan hannu, ya tsallake na gwiwa, ya doshi kafaɗa. Ban taɓa ganin an mayar da hannun mutum allo ba, kuma ban taɓa ƙin ganin ɗalibi ya ci gaba ba sai a wannan allon. Suna kuma ɗibar jininta a 'yar kwalba su ajiye a ga ko zai daskare. Da farko ya ƙi. Bayan an ƙara mata allurar ya yarda, kumburin ma ya tsaya ƙasa da kafaɗa. Likita ta ce ran Yaya ya tsira in Allah ya so. Hannun kuwa, ta ce, "We go dey watch am." Na tsani wannan jimlar, don ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma kullum da safe sai an maimaita min ita.

A cikin makon ne Kawu Ɗanjuma ya iso daga Borokiri. Ƙanin mahaifiyarmu ne, dillalin shanu, kuma shi da girmansa ya zo kudu, bayan ya yi kiwo a daji. Ya gaishe da ɗakin gado-gado, har da waɗanda ba su ji me ya ce ba, sannan ya zauna. Bai yarda a ambaci maciji a gaban mara lafiya ba, sai dai a ce igiyar ƙasa. Na ja shi baranda na nuna masa hoton. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, sai ya manta da dokar tasa.

"Innalillahi! Wannan ai kasa ce! Wane ne ya ce muku eke?"

"Kawu, ba ta gudu ba ne, kuma ga kauri ga zane."

"Kasa tana gudu ne? Wa take tsoro? Ke Malama, dubi kan nan, faffaɗa kamar bakin fartanya, ga wuya siriri. A garinmu yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan. Ku an haife ku a kwalta, kun san sunan komai, ba ku san komai ba."

Muna cikin haka Mama Obi ta iso, ko gida ba ta tsaya ba daga ƙauye, da kular farfesu a hannu. Ta karɓi wayar, ta duba, ta dafe ƙirji. Ta ce wannan ba tasu ba ce. Eke, in ji ta, jikinta sumul yake yana sheƙi, zanenta dunƙule-dunƙule ne, kanta ƙarami, kuma in ta ji tsoro dunƙulewa take kamar ƙwallo ta ɓoye kai, ba ta yi wa mutum huci. Wannan kuwa fatarta a bushe take kamar bayan itace, zanen kamar bakin kibiya a jere. Ta shiga ta riƙe ƙafar Yaya tana kuka, tana cewa ita ta ce kada a kashe, ba ta ce a miƙa hannu ba.

Na tsaya tsakanin tsofaffin nan biyu. Kowannensu ya san macijin garinsu da kallo ɗaya. Mu da muka tashi a tsakiya, mun ɗauki doka daga nan, mun bar ido a can.

Mama Obi da kanta ta tara mazan unguwa. Suka ɗaga buhunan da dogayen sanduna, suka same ta a ƙasa, suka gama da ita. A ranar ce goben nan ta Malam Audu ta iso, ya kwashe buhunansa ya ƙone.

Lami kuwa ni na tsince ta, ranar da na je ɗauko wa Yaya kayan sawa. Tana bayan murhu, wuyanta ya kumbura har ya haɗe da kai, jikinta ya riga ya sandare. Ashe bayan an sari uwar ɗakinta ita ma ta shiga faɗan. Wani likitan dabbobi da na kai wa jariran ya ce haka kyanwa take yi in an sare ta, sai ta nemi lungu ta ɓuya, shi ya sa ake rasa ta. Ya ce da an gan ta da wuri, a sa ta a kwando kada ta yi ta motsi, ba ɗauri ba tsaga, a kawo ta, wataƙila da an gwada. Ya ba ni irin madarar da ta dace da su, ya ce in riƙa ɗura musu da sirinji marar allura, in sa musu gorar ruwan ɗumi a kwalin, in kuma shafa musu ciki da jiƙaƙƙen tsumma bayan sun sha. Haka na zama mai jinya biyu, ɗaya a gado, huɗu a kwali a ɗakin Mama Obi.

Ban gaya wa Yaya ba. Kullum ta tambaya sai in ce Lami tana nan tana fama da yara. Rannan ta ji ni ina roƙon nas tsohon sirinji. Ta bari nas ta fita.

"Ladi, wa kike shayarwa?"

Na shiga gyara mata zanen gado.

"Kina warin madara tun shekaranjiya. Ke ba jego kike ba." Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Kin binne ta, ko a bola kika jefa ta?"

"A gindin zogale, Yaya."

"To madalla."

Duk zafin da ta sha a makon nan ban ga hawayenta ba sai a ranar.

A mako na biyu kumburin ya fara sauka, sai abin da yake ƙarƙashinsa ya bayyana. Bayan hannun ya yi bororo, bororon ya fashe, naman ya yi baƙi, ya fara wari. Kullum da safe ana tura ta ɗakin wanki a kankare mataccen nama. Nakan tsaya a ƙofa ina jin tana salati, tana haɗawa da zagin nas ɗin cikin Hausa, nas tana amsawa da "Sorry, Mama" ba tare da ta san an kai ga kakanninta ba. Kayan wankin mu muke saya, auduga, bandeji, safar hannu, har ruwan gishirin. Na fara zargin in mun ƙara mako guda za a ce mu kawo likitanmu daga gida.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Wata ta ce kada mai ciki ta shigo ɗakin. Wani ya aiko da garin magani a ledar burodi, a barbaɗa in nas ta juya baya. Wata daga Fatakwal ta ce a shafa man shanu da toka. Ni da Yaya muka yi yarjejeniya: duk abin da aka kawo na sha ko na shafawa mu karɓa da godiya, mu sa a jakar da take ƙarƙashin gado. Addu'a kuwa muna karɓa hannu biyu, mu da muke da uku a tsakaninmu.

Babbar rigimar da Kawu aka yi ta. Ranar da likita ta ce in ruɓar ta ci gaba za a iya yanke hannun daga wuyan hannu, ta kuma ba da shawarar a kai ta babban asibiti a Enugu inda ake dashen fata, Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce ya san wani mai maganin maciji a can gida, ga motar shanu tana komawa arewa babu kaya, a shimfiɗa mata katifa a baya.

"Kawu, tafiyar nan da wannan ciwon?"

"Su waɗannan ba su san komai ba sai wuƙa. Ni mahauta nake hulɗa da su, na san idon mai son yanka."

"Mai maganin zai dawo da naman da ya mutu?"

"Ke dai da kin yi boko sai ki riƙa yi wa mutane tambayar jarrabawa."

Yaya ce ta raba mu, daga kwance. Ta ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma. Kai ka gane min ita, ba zan manta ba. Amma in za a yanke hannun nan, a yanke shi inda Ladi za ta iya kawo min tuwo." Kawu ya yi fushi ya fita. Da ya dawo, da direban da zai kai mu Enugu ya dawo, ya kuma hana kowa tambayar kuɗin motar. Kwalin jariran yana kan cinyata har Abakpa Nike. Uku ne a lokacin, ɗaya ya bi uwarsa.

A Enugu muka sake sabon layi, sabon kati, sabon bayani tun daga tankin ruwa. Likitan fiɗar dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana juya hannun, yana tsikarar yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ta ji. Ta ji huɗu. Na nunin, wanda muke kira ɗan ali, ya bushe ya yi baƙi kamar itacen da wuta ta lasa. Likita ya ce dafin ya yi nasa, robar da reza kuma sun taya shi. Ya ce hannun zai tsira, za a yanko fata daga cinya a rufe bayansa, amma wannan yatsan sai dai a cire. Na fassara mata.

Yaya ta gyara zama kamar tana gaban mai tattasai. "Ki ce masa ba ragi?"

Na faɗa masa. Ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Ki ce ya ɗauki ƙaramin, na bar masa. Ko na kusa da shi. Biyu ma in yana so."

"Yaya, ba musaya ake ba. Wannan ɗin ne ya mutu."

"To ya bar min ko gaɓa ɗaya. Ki roƙe shi, Ladi, da Turancin nan naki mai tsada."

Likita ya sake dubawa, ya ce zai bar duk abin da ya samu da rai, amma ba ya alkawari. Na yi ta lallashinta cewa tsinken masa da yatsan tsakiya ma ana riƙe shi, na ga masu yi. Ta dube ni kawai.

An yi aikin. An bar mata ɗan guntu, bai kai gaɓa cikakkiya ba. Sauran makonnin na jiran fatar da aka dasa ta kama ne, da ciwon cinya wanda ta ce ya fi na hannun rashin kunya, da wata mai gashin ƙashi da take tanƙwara mata yatsu tana cewa ƙara kaɗan. Na koma aji da rana, ina asibiti da yamma. Maƙwabtana na Abakpa, matan direbobi da masu tireda, suka raba kwanakin abinci a tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. Allah ya biya su. Allah ya biya Mama Obi, da ta ƙi karɓar haya har Yaya ta koma bakin tanda. Malam Audu ya zo har Enugu da buhun albasa, ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa, sai da Yaya ta ce masa in bai shigo ba za ta ɗaure masa damtse.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In ka ga maciji a lambu, kada ka sa masa suna don ka ji ana faɗa. Ka ja baya, ka ɗauki hoto daga nesa in da hali, ka nuna wa wanda ya san macizan wurin da idonsa. Kafin a gane shi, ka kira dabbarka ɗaki da abinci ka rufe, kada ka zura hannu inda ba ka gani don ceton kowa. Buhu da itace da tarkace a jikin bango, ka kwashe yau. In kyanwa ta tsaya tana gurnani a wuri ɗaya, ka yarda da ita. In kuma ƙaddara ta faɗa, a cire zobe da awarwaro, kada a ɗaure, kada a tsaga, a tafi asibiti kai tsaye, kuma in ba ka tabbata ba ka ce wa likita ban sani ba. Girmama al'adar masu gari abu ne mai kyau, har gobe muna yi. Sai dai a tambaye su su nuna maka abin da suke nufi.

Bayan an sallame ta, a ɗakina ta zauna kafin ta yi ƙarfin komawa Onitsha. Duk tsawon jinyar taimama take yi, tana sallah a zaune, hannun a naɗe cikin bandeji kamar damin kaya. Ranar da aka cire bandejin gaba ɗaya, ta yi alwala da ruwa, a hankali, tana bin sabuwar fatar da yatsun hagu. Muka tayar da la'asar tare, tana damana. Da muka zauna tahiya, Allah ya yafe min, idona ya sauka a kan cinyarta. Ta dunƙule yatsun da ƙyar. Sai na ga ɗan guntun nan yana rawa, yana ƙoƙarin miƙewa. A nan na gane abin da take ciniki a kansa a gaban likita, ni ina ta yi mata zancen tsinken masa.

Muka sallame. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Ladi, ya ɗagu kuwa? Ni ba na jin sa sosai."

"Ya ɗagu, Yaya."

"Kada ki yi min irin ta Lami."

"Wallahi ya ɗagu. Kaɗan ne, amma na gani."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa guntun da babban yatsa.

"To shi ke nan," ta ce. "In ke da kike satar kallo kin gani, Wanda nake nuna wa ya riga ki."